Ƙwayar Rage Ƙiba Da Akushin Gidanmu

A ƙasarmu ta Batsari da Safana, mun tashi mun tarar ana ɗaukar tumbi shaidar wadata. In mutum ya yi ƙiba sai a ce hutu ya samu, in kuwa ya rame sai a shiga tambayar ko lafiya. Yau da muka haura shekara 40, hawan jini da ciwon suga sun fara ɗauke mana abokan hira, likita kuma ya ce a rage jiki.

Wannan ya sa wasunmu suka koma ga ƙwayar nan orlistat, wadda kamfanin Roche ya fitar da sunan Xenical, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1999. A hanji take aikinta, inda take tare sinadarin da ke narkar da maiƙo, sai kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci ya bi bayan gida. Wanda ya sha ta kuma ya zauna gaban ƙosai da soyayyen nama, cikinsa zai ba shi labari, domin kuwa man kan zubo ba sallama. Tana kuma rage bitamin A da D da E da K da jiki ke samu, shi ya sa likitoci ke haɗawa da ƙwayar bitamin.

To amma maiƙo kaɗai take tarewa. Malmalar tuwon dawa, da rogon Batsari da muke alfahari da shi, da fura mai suga, duk ba ruwanta da su. Ke nan dole sai an rage akushi, kuma a nan wahalar take.

Rage ci a gidan Bahaushe ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka bar rabin malmala, uwargida ta ce girkinta ka raina, balle a ce jiya ka cinye na amarya. Maƙwabta kuwa, da suka ga yadda ɓarayin Dajin Rugu suka raba manoma da gonakinsu, sai su ɗauka rumbunka ne ya yi ƙasa.

Saboda haka kafin mu nufi kemis, mu ga likita, sannan mu zauna da iyali mu yi musu bayani, don mai tuƙa tuwo ita ke riƙe da rabin maganin. Mace mai juna biyu kam ba ta shan wannan ƙwaya.

'Yan'uwa marubuta, in za mu zana attajiri a littafi, mu gwada barin shi ba tumbi, ko masu karatu sa daina yi wa ramar lafiya jaje. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.