Komin Ruwa da Komin Doki: Sukuwar 'Yan Sha'awa a Birnin Zazzau

Kalmar komi tana daga cikin kalmomin da suke ɗauke da tarihin zaman Bahaushe a cikinsu. A bakin Sarkawa da sauran masunta, komi shi ne kwale-kwalen da aka fafe daga gungumen itace. A bakin mai lambu, fangali ne da ake tara wa ruwa. A barga kuwa, shi ne mazubin itacen da ake zuba wa doki dusa da hatsi. Siffa ɗaya ce ta haɗa su, wato abu mai zurfi da ke riƙe abin da aka zuba masa, amma kowace nahiya ta riƙi nata komin gwargwadon abin da Allah ya hore mata. Haka wasan tsere yake. Ko'ina akwai mutanen da suke gasa ba don abinci ba, su gama su zauna su yi ta gardama a kan wanda ya riga wani, sai dai abin hawan ya bambanta.

A Legas, tun 1932 akwai kulob na masu tseren jiragen ruwa waɗanda iska ke turawa ta hanyar ƙyallen da aka ɗaura a jikin doguwar sanda. Ƙananan cikinsu mutum ɗaya ko biyu suke ɗauka, kuma masu tuƙa su ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ke fitowa ranar hutu. A ƙasar Kabi, bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya ƙunshi tseren kwale-kwale a kogin Matan Fada, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Yawuri akwai bikin Rigata a kan kogin Kwara. Sunan aro ne daga Turanci, Turancin ma daga mutanen Benis na ƙasar Italiya ya samo shi, amma kunnen Bahaushe yakan ji aikatau riga a cikinsa, don haka kalmar ta zauna daram kamar 'yar gida.

Birnin Zazzau bai sami irin wannan ruwa ba. Kubanni da Galma suna wucewa ta wajen ganuwa, rafin Kamaca yana ratsa cikin gari, ga kuma kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu tun zamanin kakanni, inda yara ke koyon iyo da damina. Babu ɗaya daga cikinsu da ya haifar da al'adar tseren jirgi. Komin Bazazzagi na barga ne, kuma abin da mai sha'awar jirgi yake samu a bakin teku, mai sha'awar doki yana samunsa a bakin turke.

Akwai wani dattijo a ɗaya daga cikin unguwannin da ke kusa da Ƙofar Gayan, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Ba ɗan sarauta ba ne, bai kuma gaji doki ba. Yana yaro ya fara da dokin kara, ya girma yana yanko wa bargar maƙwabcinsu ciyawa don a bar shi ya kai doki shan ruwa, kuma sai da ya shekara arba'in kafin ya mallaki nasa. Wanda yake turkensa yanzu bikili ne, ja mai baƙar geza, ɗan ƙasar Nijar da aka saya a kasuwar Maigatari. Irin wannan dattijo ba ya shiga littafi. Masu nazari sun fi karkata ga hawa: Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe, da jerin hakimai, da lifidi da kwalkwali, da jahin da ake kai wa Sarki a ƙofar fada. Littafin M. G. Smith na 1960 a kan mulkin Zazzau ya fayyace matsayin Madaki a tsarin sarauta, kuma hawan Kano ya shiga jerin UNESCO a 2024. Duk wannan doki ne na hukuma, mai fitowa sau biyu a shekara. Sauran kwanakin kuwa, doki yana hannun muri da masu kilisa, kuma a nan ne ilimin hawa yake rayuwa.

Sukuwarsu ba ta da ofis ko katin shiga. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sukan haɗu da la'asar sakaliya a wani fegi a bayan ganuwa. Kafin kowa ya sa ƙafa a likkafa, sai yara biyu su taka filin daga farko zuwa ƙarshe, suna duba ramin gafiya da kututturen dawa, domin rami ɗaya ya isa ya karya ƙafar doki, doki mai karyayyar ƙafa kuwa da wuya ya sake tashi. Daga nan sai a fara da takama, a shiga sassarfa don jikin dabba ya saki, sa'an nan a jera biyu-biyu. Dattijo ɗaya yakan tsaya a mafari da hula a hannu, wani kuma a gindin itacen da aka yanke a matsayin iyaka. Babu agogo. Idon mutumin da ke gindin itacen shi ne alƙali, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda suke daidaita ƙarfi. Masu tseren jiragen iska a Ingila suna da lissafin da suke bai wa kowane irin jirgi lamba, domin ƙarami ya iya karawa da babba a raba nasara bisa adalci. 'Yan kilisar birni suna yin wannan lissafi da baki. In dogon doki ɗan Sudan zai kara da ɗan ƙasa, sai a ba ɗan ƙasa rata ta tsawon doki uku ko huɗu. In mahayi ɗaya yaro ne marar nauyi, a rage masa. Cinikin ratar yakan fi tseren kansa tsawo, domin kowa yana ƙasƙantar da dokinsa, yana cewa bai ci da kyau ba, ko kofatonsa na ciwo. Sun san doki ɗaya a fage gudu gare shi, saboda haka abin da suke nema shi ne karawar da ba a san ƙarshenta ba sai an isa gindin itace.

Dattijon ya daina sukuwa da kansa tun da gwiwa ta fara yi masa gardama. Jikansa ne yake hawa, shi kuma yana tsaye yana ba da umarni kaɗan-kaɗan: a ƙara ɗaure majayi, a rage tsawon likkafa, kada a ja linzami da ƙarfi a tsakiyar gudu, domin linzamin gida mai kaifi ne, yana iya fasa bakin doki. Ya hana yaron ɗaura ƙaimi. A ganinsa, mahayin da bai iya magana da doki da cinya ba, ƙaimi zalunci kawai zai koya masa.

Bayan magariba ake komawa barga, kuma a nan rabin al'amarin yake. Akan shimfiɗa tabarmi a zaure, a ɗora shayi, a fasa goro. Cikin masu zaman akwai tela, da mahauci, da direban tanka, da wani malamin jami'a da ke zuwa daga Samaru. A waje kowa da matsayinsa, amma a zauren wanda ya fi sanin doki shi ne babba, ko da kuwa muri ne da bai taɓa shiga aji ba. Malamin jami'ar yakan ce masa, «Baba, duba mini idon dokin nan,» shi kuma ya amsa, «Malam, ba ido ba ne, kanwa ce ta yi masa kaɗan.» Kulob-kulob ɗin da Turawa suka kafa a Bariki zamanin mulkin mallaka da rajista da kuɗin shekara ake shigarsu, ƙofarsu kuma ba ta buɗe wa kowa ba. Ƙwallon dawaki ta samu karɓuwa a Arewa ta hannun sarakuna, musamman Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, amma har yau wasa ne na masu hali. Zauren barga kuɗin shigarsa sallama ce, da kuma yarda a yi wa mutum ba'a in dokinsa ya zo na baya.

Zumuncin ba a baki ya tsaya ba. Suna da adashi na mako-mako, wanda yawanci kwasarsa kan tafi wajen sayen harawa da ingirici tun da kaka, kafin su yi tsada da bazara. In ɗan wani zai yi hawan angwanci, kowa ya kawo abin da yake da shi, wannan sirdi, wancan jalala, wani ɗauki-saƙa, har ango ya fito kamar ɗan hakimi. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a nan ya sha rufewa. In dokin wani ya mutu, akan je masa jaje har gida, a zauna shiru na ɗan lokaci, sa'an nan a fara tara abin da zai zama kafin alƙalamin sayen wani.

Ga mai nazarin harshe, wannan zaure taska ce. A nan ne har yanzu ake bambanta akawal da kili, da gunya da hurde, da bidi da danda, ba tare da an tsaya tunani ba. A nan ake jin ingarma da goɗiya da duƙushi da ƙuru, da ragama da kamazuru da asalwayi da dabaibayi, kowace kalma a cikin jimla mai rai. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace da yawa daga cikinsu, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ma ya kawo nasa. Amma ƙamus ma'ana yake adanawa, ba ya adana gardamar mutum biyar a kan ko wani doki bidi ne ko hurde, alhali a cikin irin wannan gardama ne iyakar kowace kalma take fitowa. Ɗalibin da ya haddace jerin launukan doki don jarrabawa, in aka tsayar da shi gaban turke, sau da yawa fari da baƙi da ja kawai zai iya faɗa.

Abubuwa uku suke cin wannan al'ada. Na farko fili. Gonakin bayan ganuwa sun zama filoti, filoti sun zama gidaje, fegin da aka yi sukuwa a kansa bara sai a tarar da tubali a bana. Na biyu ya biyo bayan na farko: da fili ya ƙare, samari suka koma kilisa a kan kwalta da cikin lunguna, galibi a kan dawakin haya, babu dattijon da zai duba ƙasa, babu mai hana ƙaimi. Doki yakan zame a kan kwalta, yakan banke yaro ko mai talla, jama'ar unguwa kuma su ɗora laifin a kan duk mai doki. Na uku ciyarwa. Doki yana cin gero da dawa, wato abincin da iyali suke ci, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tsadar hatsi ta sa kowane kwano sai an yi masa lissafi.

Wannan lissafi ne ya iso gidan dattijon. Babban ɗansa, wanda yake ɗauke da rabin cefanen gida, ya same shi bayan sallar asuba, ya durƙusa ya ce, «Baba, Allah ya ba ka haƙuri, abin da dokin nan yake ci a wata ya kai kuɗin makarantar yara biyu. Ga dillali ya yi tayi mai kyau.» Dattijon bai musa ba, domin shi malamin lissafi ne, ya riga ɗan nasa yin jimlar. Ya ce a ba shi mako guda. Da ya kai maganar zaure, ba wanda ya ce masa kada ya sayar. Mahaucin ne ya ce, «Malam, in ka sayar da shi, turken ne zai tafi, in turken ya tafi, a ina za a zauna?» A ƙarshe mutum uku suka shiga dokin da shi. Telan ya ɗauki dusa, direban ya ɗauki harawa da yake saya da araha a hanya, malamin jami'ar ya ɗauki magani da allurar likitan dabbobi. Dokin yana nan a turkensa, kowannensu yana da ranar hawa, ɗan kuma ya sami sauƙin da ya nema. Masu ƙananan jiragen iska a Turai sun daɗe da sanin wannan dabara ta mutum uku ko huɗu su haɗu a jirgi ɗaya, amma mutanen zauren ba daga wurinsu suka koya ba. Daga adashi suka ɗauko ta, da kuma tsohuwar al'adar ba da kiwo.

Wannan maganin gida ɗaya ne, bai kuma taɓa matsalar fili ba. Garin da zai fitar da ɗaruruwan mahaya ranar Salla yana bukatar wurin da za su koyi hawa a sauran watanni, kuma keɓe fage ɗaya a bayan ganuwa, ƙarƙashin kulawar masarauta da ƙaramar hukuma, zai rage kilisar kan titi fiye da yadda hani kaɗai zai rage ta. Sassan nazarin Hausa kuma suna da nasu aikin, mai sauƙin kuɗi: a tura ɗalibai zaurukan barga da na'urar ɗaukar magana, su naɗi hirar yadda take, da cinikin rata, da ba'ar bayan tsere, da sunayen cututtukan doki da magungunansu, da kirarin da muri yake yi wa dabbarsa in yana goge ta. Tsakanin Samaru da Ƙofar Gayan tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, kuma mafi yawan waɗanda suka san waɗannan kalmomi a bakinsu sun haura shekara sittin.