Ramuka Huɗu a Ƙafar Fijon Kakana

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen walda da noti, alhali ga waƙa ga karin magana ga nahawu duk suna jiran mai tsokaci? To, dalili ne ya kawo ni, kuma dalilin bai yi mini daɗi ba, domin ɓarnar da zan ba da labarinta da hannuna na yi ta.

Kakana na wajen uwa tsohon malamin makaranta ne a Zariya. Yana da mota Peugeot 504 fara, irin wadda kowa ke kira Fijo, wadda ya saya da bashin mota tun mahaifiyata tana firamare. A Faransa aka fara ƙera irin wannan mota a 1968, sa'an nan daga 1975 aka shiga haɗa ta a Kakuri cikin Kaduna, kuma a wannan shekarar ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka. Duk jikan da ya taɓa zama a kujerar bayanta ya ji wannan tarihi daga bakin Alhaji har ya haddace. A Turai yanzu masu sha'awar tsofaffin motoci ne ke ajiye ta suna goge ta kamar kayan ɗakin amarya. Ta Alhaji kuwa har gobe aiki take yi: ta je masallacin Juma'a, ta je asibiti, ta ɗauko buhun masara daga ƙauye. Da idonsa ya yi rauni sai tuƙin ya dawo hannuna a duk lokacin da muka sami hutu.

Wata ranar Talata na yi faci a cikin gari, ƙafar gaba ta dama. Na kafa jak, na kwance notuna huɗu na zube su a ƙasa, na sa safaya. Da na zo ɗaurewa sai na ga uku. Na tona rairayi har na gaji ban ga na huɗun ba, sai na taka zuwa wata rumfa na sayi wani noti wanda ya hau daidai. Ban lura ba ashe fuskarsa shafaffiya ce, ba irin ta sauran ba. Sa'an nan na ɗaure su duka motar tana bisa jak, ƙafar tana juyawa a hannuna, na ce in na sauke zan ƙara matsewa. Aka kira sallar la'asar, na sauke jak, na mayar da marfin wili, na manta.

Mako uku na yi ina yawo a haka. A mako na biyu na fara jin wani ɗan ƙara, ƙwas-ƙwas, duk lokacin da na sha kwana. Abin da na yi, don Allah kada a yi dariya, shi ne na ƙara muryar rediyo.

Ranar da asirina ya tonu muna kan hanyar Funtuwa za mu ɗaurin aure, ni da Alhaji a gaba, kakata da ƙannena biyu a baya. Mun wuce Giwa kaɗan sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa ya yi kawai, "Sauka gefe." Ya fita da sandarsa ya zagaya, ya sa na cire marfin, ya tsuguna ya shafa. Notunan sun yi zafi, biyu daga ciki da yatsa yake juya su, ga wani jan gari kamar na barkono ya yi layi daga bakin kowane rami. Da muka cire ƙafar sai na ga ramukan nan da ya kamata su zama kewayayyu sun koma siffar ƙwai. Tsakanina da Alhaji kullum wasa ne irin na jika da kaka, yana ce mini aboki, ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Ran nan bai yi mini wasa ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dubi yaran da ke bayan mota, ya dube ni, ya ce in ɗauko ɗaya ƙafar. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A nan sai in ɗan tsaya in bayyana abin da na fahimta daga baya, domin ni da kaina a dā ina zaton ƙafar mota rataye take a jikin waɗannan sandunan ƙarfe masu zare da makanikai ke kira sitod, kamar yadda ake rataye riga a ƙusa. Ba haka ba ne. Aikin noti shi ne ya danne wili ya manne da fuskar da yake kwanciya a kai, mannewa mai tsanani, har su zama kamar ƙarfe guda. Wannan mannewar ce ke ɗauke da nauyin mota. Bakin kowane rami kuma an yi shi da ɗan gangare kamar bakin mazurari, gindin notin ma haka, don in an ɗaure ya zauna a ciki ya tsayar da wilin a tsakiya. To, da zarar matsin ya ragu sai wilin ya sami wurin motsi, ko da kaurin gashi ne. Kowane juyi na taya, kowane birki, kowane rami a kan titi, sai bakin ramin ya daki sitod. Sitod kuwa ƙarfensa ya fi na wili tauri, saboda haka wilin ne ke cinyewa. Jan garin nan da Alhaji ya shafo naman wilin ne ya niƙe ya yi tsatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma kada a ce sakaci kaɗai ke jawo wannan. Wuce gona da iri ma na jawo shi. Kowa ya sha ganin an zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifana, ƙato ya hau ya yi tsalle a kai, mai mota na tsaye yana jin daɗi wai an ɗaure masa da kyau. Wannan yana miƙar da sitod, yana kuma murƙushe gangaren bakin ramin, ta yadda gobe notin ba zai sami wurin zama ba. Haka nan tsatsa ko fenti mai kauri a bayan wili: a ɗaure a kansu, su marmashe a hanya, noti ya saki.

Da muka dawo gida wani mai faci ya ce abin ba wuya, a sa washa mai faɗi a ƙarƙashin kowane noti ta rufe ramin. Har na yi murna don araha. Alhaji ya ce rufe ciwo da riga ba ya warkar da shi, in shirya gobe za mu Panteka.

Duk wanda ya san Kaduna ya san Panteka, inda ake ƙera kusan duk abin da aka yi da ƙarfe. Muka tafi da wili biyu: wanda na lalata, da wani tsoho da ya daɗe a bayan ɗaki wanda ramin sa ɗaya ya ɗan buɗe. Aka nuna mana wani dattijo mai walda, mai ƙarancin magana. Bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi labari ba. Ya sa yaronsa ya kankare tsatsa da burushin waya, ya shafa kananzir a kewayen ramukan, ya bar shi ya jiƙa, ya goge tas, sa'an nan ya shafa garin alli. Muka zauna. Can sai ga wani siririn layi ya fito a cikin farin allin, daga bakin rami ɗaya ya nufi babban ramin tsakiya. Kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsagar ne ya dawo waje. A wilin da na lalata ke nan. Ɗayan kuwa allinsa fari fat.

Dattijon ya ture na farkon da ƙafa ya ce, "Alhaji, wannan ya gama aiki."

A nan aka yi ta. Alhaji ya ce da wannan wilin motar ta fito daga kamfani, shekara da shekaru bai taɓa sauya ko ɗaya ba, kuma ya ga ana like abin da ya fi wannan lalacewa. Dattijon ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. In na like shi na shafa fenti, kai da kanka ba za ka gane wurin ba. Amma ramuka huɗu duk sun tafi, ga tsaga. Wutar da zan sa masa sau huɗu za ta kashe ƙarfen, ta kuma karkatar da fuskar. Ba zai karye a nan gabana ba, sai kana gudu da iyali." Alhaji ya ce zai ƙara kuɗi. Ya ce ba zancen kuɗi ba ne, ga masu walda nan da yawa a layi, wataƙila a sami mai yi, amma ba shi ba. Ni dai ina gefe kaina a ƙasa, don na san wanda ya jawo wa tsoho wannan roƙo.

Na biyun shi ya karɓa, kuma na tsaya na ga aikin daga farko har ƙarshe. Ya fara zura wani guntun jan ƙarfe mai kaurin sitod a cikin ramin, a daidai inda ramin yake tun asali, domin narkakken ƙarfen walda ba ya kama jan ƙarfe. Sa'an nan ya shiga cike gefen da ya cinye, ɗigo-ɗigo, yana yi yana tsayawa don kada wurin ya yi zafi da yawa. Da ya gama yaronsa ya ɗauko ruwa zai zuba, ya daka masa tsawa, ya ce ƙarfen da aka kashe da ruwa gautsi yake yi, a bar shi ya huce don kansa. Bayan ya huce ya gurje bayan wilin har ya koma shafe ɗaya, don ko ƙanƙanin tudu ya rage wilin ba zai kwanta daidai ba.

Inda gwanintar take shi ne awo. Ramukan Fijo 504 guda huɗu suna zaune ne a kan da'ira mai faɗin milimita 140. Wato daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa 140, zuwa na maƙwabcinsa kuwa kusan 99. In rami ya goce ko da kaɗan, noti zai zauna a karkace, gefe guda ya ɗauki dukan nauyi, a koma gidan jiya. Dattijon yana da wani tsohon faifan ƙarfe mai sitod huɗu da ya ciro daga matacciyar Fijo, shi ne ma'auninsa. Ya kai wilin kan injin huda, ya daidaita ramin, ya sake fitar da gangaren bakinsa, ya shafa baƙin mai a gindin noti ya ɗaura ya kwance, ya duba ko man ya taɓa ko'ina a kewaye. Sau uku yana komawa kan injin kafin ya gamsu. Ya sake yin gwajin alli. Duk da haka da zai miƙo mana sai ya ce, "Wannan safaya ne. Ya kai ku gida in kun yi faci, a hankali. Kada a mai da shi ƙafar gaba."

Na ji daga baya cewa masu ajiye tsofaffin motoci a Turai da Amurka ma wannan gardama suke yi. Masu ƙera wili shawararsu ita ce a sauya. Masu motar da ba a samun irin wilinta kuwa sukan yi walda, ko su faɗaɗa ramin su dasa zoben ƙarfe mai gangare a ciki. A ganina dattijon Panteka ya fi su duka sauƙin bayani: ya gyara wanda ya san iyakarsa, ya faɗi iyakar, ya ƙi wanda ba zai iya lamuncewa ba, ko da mai kaya zai ji haushi.

Saura neman madadi. Na ɗauka kowane wilin Fijo mai rami huɗu zai hau, har na ɗauko na 406 ina murna. Ashe nata da'irar 108 ce, ko kusa ba ta kai ba. Sai na 504 ko na 505. Muka bi layin masu tsofaffin kaya har la'asar kafin muka sami guda mai lafiya, inci 14, aka yi masa shi ma gwajin alli. Aka sauya sitod huɗun nan da suka ci duka, aka sayi notuna na ainihi. Kuɗin wilin daga guzurina na komawa makaranta ya fita. Alhaji bai ce in biya ba, da na miƙa kuma bai ce in bari ba.

Tsohon wilin bai yarda an bar wa 'yan gwangwan ba. Yana nan a tsakar gida, kakata ta mai da shi murhun gawayi, ta ce bai taɓa yi mata amfani irin na yanzu ba.

A hanyarmu ta komawa Zariya, mun iso Jaji sai Alhaji ya ce in tsaya. Na ce lafiya? Ya jawo sifana daga ƙarƙashin kujera ya miƙo mini, ya ce sabon ɗauri sai an sake bin sa bayan 'yar tafiya. Na tsuguna, motar tana ƙasa wannan karon, na bi su a gicciye, na sama sa'an nan na ƙasa, na hagu sa'an nan na dama. Biyu daga ciki suka ɗan motsa. Na ɗaga kai na gaya masa. Ya ce, "To, aboki, zagaya ka duba sauran ukun."