Hatimin Dankali a Rurum

Da hantsi muka isa Rurum Tsohon Gari daga Rano, mu huɗu. Duwatsu ne suka fara tarbar mu, wani kan wani kamar da hannu aka jera su. Mun zo koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare buga zane da zane mai motsi.

Ba fenti, ba wuta. Sai wani dattijo ya tuna mana cewa ƙasar Rano ce nan, wadda ta shahara da rini tun zamanin Hausa Bakwai. Muka sayo shuni, muka raba dankali biyu, yara suka sassaƙa sunayensu da reza. Ana dangwalawa a takarda sai aji ya kaure da dariya: haruffa duk sun juya baya! Laifinmu ne, mun manta mu ce a sassaƙa a juye.

Zane mai motsi ya fi wuya. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, mu 12 muka nema, a gefen shafukan tsohon littafi. Wata yarinya ta zana akuya tana hawan dutse. Da ta saki shafukan da babban yatsa, akuyar ta yi tsalle ta zame. Ta ce haka tasu take yi.