Shawarar da na ba ɗan ƙanwata, da ya ƙi bi

Wata asuba, na dawo daga masallaci ke nan, tarho ya yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne daga Amurka. A gidana ya tashi nan Damagaram tun rasuwar mahaifinsa, ni na kai shi lakkol, ni na raka shi duba sakamakon bak. Yanzu yana Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa. Da dare yana aiki a sito, da rana yana koyon tuƙin jirgin sama. Lokacin tsakar dare ne a can, don haka na san ba lafiya ba.

"Kawu, na yi abin kunya," in ji shi.

Ƴan sanda ne suka tsayar da motarsa yana dawowa daga wani biki, ya sha giya. Na'urar gwaji ta nuna 0,16, alhali iyakar doka ga direban mota a jihar 0,08 ce. An karɓe farminsa. Ban taɓa sanin yana sha ba. Na yi faɗa har muryata ta dishe, bai tanka ba. Da na gama sai ya gaya mini abin da ya hana shi barci.

A Amurka ba a barin mutum ya tashi da jirgin haya sai yana riƙe da takardar shaidar lafiya daga hukumar sufurin jiragen sama, FAA. Matakinta uku ne, kuma mai son tuƙa manyan jiragen fasinja na farko yake nema. Lokacin nemanta ya matso masa. A takardar da ake cikawa kafin ganin likita akwai tambaya ta 18v: an taɓa kama ka, ko hukunta ka, ko karɓe farminka saboda tuƙi cikin maye?

Shekara 23 ina koyarwa, ina rubuta wa yara darasin gaskiya a allo. Amma ga abin da ya fito daga bakina: "Ka ce a'a. Allah ya rufa maka asiri, kada ka tona da hannunka."

Ya yi jim, sannan ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan ba zan iya ba."

Daga baya na fahimci ramin da na so tura shi. Duk wanda ya sa hannu a takardar, ya ba hukumar izinin duba rajistar direbobi ta ƙasa, inda ake ajiye sunayen waɗanda aka karɓe wa farmi. Bayan haka doka ta wajabta wa mai takardar tuƙin jirgi, ko da ɗalibi ne, ya sanar da hukumar a rubuce cikin kwana 60. Wanda aka kama da ƙarya da gangan, ana soke duk takardunsa na tuƙin jirgi, kuma hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar dalar Amurka 250.000. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sha faɗin haka a aji, amma da abin ya zo gidana sai na manta.

Ya rubuta e. Likitan bai ba shi takardar ba, don idan awo ya kai 0,15 dole ya tura dosiye zuwa ofishin hukumar a birnin Oklahoma. Bayan watanni wasiƙa ta zo: an ƙi. Ranar na ce a raina, to ga ladan gaskiya.

Da ya ce akwai hanyar ɗaukaka ƙara, tambayata ta farko ita ce, "Wa muka sani a can?" A tunanina ɗaukaka ƙara yana nufin a sami babban mutum ya sa baki, a ce yaro ne, ɗan mutunci ne, a yafe masa. Ya yi dariya, karo na farko tun faruwar abin, ya bayyana mini yadda take.

Idan ƙin ya zama na ƙarshe, mutum yana da kwana 60 ya kai koke gaban wata hukuma dabam, NTSB, wadda aka fi sani da binciken haɗarin jirage. Alƙalinta zai saurara, daga nan a je gaban mambobinta, daga nan kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Sai dai nauyin kawo hujja yana kan matuƙin, shi zai tabbatar cewa ya cika sharuɗɗan lafiya. Wanda aka auna da 0,16 wata shida da suka wuce ba shi da abin nunawa sai alkawari.

Hanya ta biyu ta fi tsawo. Akwai shirin HIMS, da aka fara a 1974 don matuƙan da giya ta kama. Likita na musamman yana bin mutum, likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, ana kiransa gwajin fitsari ba tare da sanarwa ba, yana zuwa taron masu daina sha, kuma ɗalibi irinsa daga aljihunsa yake biya. Idan dosiyen ya gamsar, ana iya ba shi takarda ta musamman mai sharuɗɗa, a ci gaba da sa masa ido. Wannan ya zaɓa.

Da farko na ga tsananin ya yi yawa, tunda mota ya tuƙa. Amma matuƙin jirgi iyakarsa 0,04 ce, kuma ba ya tashi sai awa 8 bayan sha. Da ƴata ce cikin jirgin, da ni ma zan so a tambayi mai tuƙin abin da ya yi a hanyar biki.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan: tsarin ya bar wa wanda ya sha ƙofa, mai wuya da tsada, ya tanadi hukunci mafi nauyi ga wanda ya ɓoye. Mu a lakkol da gida sau da yawa akasin haka muke yi. Yaron da ya zo da kansa ya ce shi ya fasa taga, bulalarsa ɗaya da wanda aka kama, wani lokaci ma ta fi, don mai musu yakan tsira. Haka muke koya musu tun suna ƙanana cewa faɗin gaskiya wauta ce. In laifi ya girma kuma, uba ya zo wurin mushe da roƙo, a goge suna, ba wanda ya tambaya ko yaron ya daina. Rufin asiri alheri ne, kuma har yau maƙwabtana ba su ji labarin nan daga bakina ba. Amma ɓoye wa likita ciwo ba rufin asiri ba ne.

Bana na canja abu ɗaya a ajina. Wanda ya kawo kansa, ba na kai shi gaban darakta, muna zama mu rubuta abin da zai gyara da ranar da zan duba. Wanda na gano da kaina, wannan iyayensa za su zo.

Yau wata 14 ke nan ɗana bai sha ba, kuma kowane gwaji yana cikin dosiye. An sake tura takardunsa, amsa ba ta zo ba. Abokan karatunsa sun wuce shi, shi yana nan a sito. Makon jiya na ce masa, "Ka yafe mini shawarar nan." Ya ce, "Haba Kawu, ai kai ka koya mini kada in bi ta."