Maƙeran Ƙasar Gamu Da Na Koriya

Wanda ya je Gamu, cikin gundumar Gure, zai ga manoma da makiyaya riƙe da aikin maƙera: hauya, wuƙa, takobi. Maƙeran Buzaye kan yi wa kwaɗon kulle jaka zane da jan ƙarfe da tagulla. Abin aiki ne, kuma abin ado.

A Koriya ta Kudu ma haka ne. Maƙeransu na haɗa jan ƙarfe kashi 78 da kuza kashi 22, su ƙera kwanon abinci. Tun 1983 gwamnatinsu ta sa sana'ar cikin gadon ƙasa.

Jama'a, kayan waje sun cika kasuwa. In aka daina ciniki da maƙerin gari, ɗansa zai bar maƙera, sana'ar ta mutu.