Dutsen Murza Fuska Ya Iso Zongo

Kayan da jirgin ruwa ya sauke a Lome, in dai arewa suka nufa, sai sun ratsa ta gabanmu a Sokode, su bi Kara da Sansanin Mango da Dapaong har bakin iyaka a Sinkase. Haka kakanninmu fatake suka riƙa ratsa wannan ƙasa da goron Gwanja a bayan jakuna. A 'yan shekarun nan, cikin tarkacen kwalliya da ke yada zango a teburan 'yan koli da kwandunan dillalai, an yi baƙo: wani ɗan dutse kore ko ruwan hoda, mai faɗin tafin jariri, tare da ɗan'uwansa mai mirginawa a kan mariƙi. 'Yan matanmu sun san shi a TikTok tun kafin su gan shi a kasuwa. An ce yana sacce kumburin fuska, yana kuma goge tamoji.

Asalinsa daga Sin ne, can ana kiran aikin guwa sha. Tun da daɗewa sukan shafa mai a baya ko wuya, su kankare fata da cokali ko ƙahon ɓauna har jini ya taru ya yi ja, don ciwon jiki da zazzaɓi. Wanda ya taɓa zama gaban wanzami aka kafa masa ƙaho ba zai ji abin baƙo ba, danginsu ɗaya. Na fuskar nan sassauci ne da masu sayar da kayan ado suka yi wa tsohon magani.

Mu yi masa adalci, yana da abin da yake iyawa. Idan mutum ya kwana a kwance, balle in ya ci gishiri da yawa ko ya yi kuka, ruwa kan taru a ƙarƙashin ido da kumatu. Jan dutsen a hankali daga gefen hanci zuwa kunne, daga nan a gangara wuya, yana kora wannan ruwa ta hanyoyin da ke bi ta kaluluwa, sanyinsa kuma yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini. Fuska ta faɗa na 'yan sa'o'i. Cokalin da aka tsoma a randa zai yi kusan haka, yatsu da man kaɗe ma haka, kuma ungozomominmu sun daɗe suna murza fuskar jariri da mai jego ba tare da sun ji sunan Sin ba. Tamoji kuwa wani zance ne. Sinadarin kolajin da ke riƙe fata ne yake raguwa da shekaru da zafin rana, kuma babu dutsen da ke mayar da shi.

Mu da muke riƙe da littafin dattijon unguwa, a zaure abin ya same mu, ba a gaban madubi ba. Wata matar aure ta kawo ƙarar dillaliya: an sayar mata da dutse da alkawarin kwana 40, ga shi kumatunta sun yi baƙi-baƙi, kumburin ma ƙaruwa yake yi. Dillaliya ta ce, "Ranka ya daɗe, dannawa take yi kamar mai niƙa, ni ban ce ta danna ba." Gaskiyarta ta wannan fuska, domin baƙar fata in ta ƙuje takan bar tabo mai daɗewa. Amma dattijo bai bi ta kan kuɗin ba. Ya dubi mai ƙara ya ce, "'Yata, wane mai kike shafawa?" Sai ta sunkuyar da kai.

Nan gizo ke saƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana a 2011 cewa mata 59 cikin 100 a Togo suna amfani da man sauya launin fata. Da yawa daga cikin mayukan nan akwai maganin kotizon mai ƙarfi a ciki, wanda in aka daɗe ana shafawa yake sirantar da fata har ta zama kamar takardar sigari, yana kuma iya kumbura fuska ta yi zagaye kamar wata. A ɗora dutse a kan irin wannan fata, ai an haɗa makaho da rijiya. Wannan kumburi ba ruwan barci ba ne da za a kora zuwa wuya.

Abin ya fi tsaya mana a rai duk lokacin da hidimar biki ko ta'aziyya ta kai mu wajen 'yan'uwa a Dapaong. Can hunturu ya fi namu kaifi, fuska na tsagewa, leɓe na fashewa, kuma tsofaffin mata, Hausawa da Moba baki ɗaya, ba su da abin da ya wuce man kaɗe. Fuskokinsu cike da tamoji, ba mu taɓa jin ɗayarsu ta nemi a goge mata ba. Amma su ne masu karanta fuskar wasu. Tsohuwa ta ga mai ciki ta tashi da kumburarren ido da hannu, zobe ya ƙi fita, tana kukan ciwon kai, ba za ta ce a kawo mai ba. Za ta ce a nemo babur a kai ta awo, don ta san hawan jinin masu ciki yana kai wa ga jijjiga. Ta ga yaro ya wayi gari ido a kumbure kwana uku a jere, fitsarinsa na kumfa, sai ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa ta ga ko rami zai zauna. Likita zai kira wannan ciwon ƙoda. Da can an ce labarin zuciya a tambayi fuska, ashe har na ƙoda da na jini ita ake tambaya.

Tsoronmu ke nan. Yarinyar da ke zaune ita kaɗai da waya da dutse ta koyi cewa kumburi aibi ne da ake gogewa kafin a fito tsakar gida, alhali tsakar gidan ce wurin da ake da idon da zai gane shi. Ba mu ce a jefar da dutsen ba. A wanke shi da sabulu, kada a yi aro, kada a bi da shi kan ƙuraje, kada a danna. Kumburin da ya wuce hantsi bai sacce ba kuwa, ko ya zo da na ƙafa, a bar tsohuwar gida ta gani, a wuce babban asibitin Sokode ko na Dapaong a auna jini da fitsari.

Ita mai ƙarar, dattijo ya sa dillaliya ta mayar mata da rabin kuɗinta, ya kuma sa mijinta ya kai ta asibiti ranar Litinin da kwalaben man duka a cikin leda. Mun rubuta hukuncin a layi biyu, dutsen kuma yana nan cikin akwatin takardu, babu wadda ta dawo karɓa.