Ciwon gaɓɓai mai lafawa da ciki

Ƴan uwa, akwai wani ciwon gaɓɓai da mata suka fi fama da shi. In ya kama namiji 1, sai ya kama mata 2 ko 3. Yatsun hannu biyu su kumbura, da safe su sandare fiye da awa guda. A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wata baiwar Allah, in abin ya taso ko alli ba ta iya riƙewa.

Ba sanyi ba ne. Dakarun jiki masu yaƙi da cuta ne ke ɓatan kai, su afka wa gaɓɓai. In mace ta samu ciki, sinadaran da ke riƙe cikin sukan yawaita a jini, su kwantar da dakarun nan. Sau da yawa sai ciwon ya lafa. Wani likitan Amurka, Hench, ya rubuta haka tun 1938.

Bayan haifuwa sinadaran sukan ragu, cikin wata 3 ciwon kan dawo. Nan ne ake ɗora wa mace laifi, wai ta yi wasa da wankan jego. Ni dai wannan zargi yana ɓata mini rai. Ruwan zafi na rage zogi, amma ba ya hana gaɓa lalacewa. Maganin da ke tsayar da ciwon yana gidan likita, kuma ya fi aiki tun yatsu ba su karkace ba.